Tsakanin "saura ƙiris" da gadon asibiti: yadda haɗarin keke ke aukuwa a titunan Abuja

Da an idar da sallar asuba a Mabushi, Gishiri, Jabi da tsohon garin Garki, kekuna kan fara fitowa titi. Akwai magina, akwai masu aikin lambu a gidajen Maitama da Asokoro, akwai masu gadin da suka tashi daga aikin dare, ga masu tallan yogot da akwati a gaban keke, ga samarin da ke kai saƙon abinci da jaka a baya. Ranar Asabar kuma sai 'yan motsa jiki su fito da kekunan tsere. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, keke ya zama mafita ga wanda albashinsa ba zai ɗauki kuɗin tasi na safe da yamma ba.

Kusan duk wanda ya jima yana tuƙa keke a garin nan yana da labarin ranar da ya auna arziki. Wani madubin mota ne ya goge masa gwiwar hannu, wani ƙofar tasi aka buɗe a gabansa, wani tifa ce ta matse shi da dakalin titi har sai da ya yi watsi da keken. Yawanci a nan maganar take tsayawa. A ce Allah Ya kiyaye gaba, a amsa da amin, gobe a sake bi ta wurin kamar yadda aka bi jiya. Addu'a tana da muhallinta, amma akwai abin da ake tsallakewa. Wanda ya sha da ƙyar da wanda aka kwasa zuwa Asibitin Ƙasa abu ɗaya ne ya same su, a irin wuri ɗaya, bisa sababi ɗaya. Abin da ya raba su bai wuce rabin sakan ba, ko taku guda na fili. Wuraren da abin ke faruwa kuwa ba su da yawa, kuma suna maimaita kansu daga wannan unguwa zuwa waccan.

Tushen matsalar yana cikin yadda aka gina garin. An zana taswirar Abuja a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ake ganin motar kai ita ce alamar ci gaba, aka kuma dawo da gwamnati nan a watan Disambar 1991. Sai aka sami tituna masu faɗi, miƙaƙƙu, da gadojin sama da hanyoyin sauka da hawa irin na manyan titunan tsakanin garuruwa, amma a cikin gari. A Kano ko Zariya cunkoso ne ke kare mai keke, domin babu filin da mota za ta yi gudu. A Abuja fili ya samu. Doka ta ce kada ƙaramar mota ta wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, amma duk wanda ya tsaya a bakin titin Shehu Shagari ko Ahmadu Bello da hantsi ya san abin da ake yi. Marigayi Ojo Maduekwe, lokacin yana ministan sufuri, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, har ya riƙa hawa da kansa. A 2001 wata bas ta tura shi cikin rami a nan Abuja. Mutane sun mai da abin raha, amma titin da bai ƙyale ministan sufuri ba, ba zai ƙyale mai gadi ba.

Ga lissafin, domin shi ne ke bayyana sauran. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cinye kusan mita 14 a kowane sakan. Direban da bai zaci komai ba yakan ɗauki kamar sakan ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta danna birki, wato mita 21 sun tafi ba a rage komai ba. Birkin kuma, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, yana buƙatar wasu mita 14. Jimla 35. Idan gudun ya kai 80, jimlar tana kusan mita 70. Idan 100 ne, kusan mita 100, tsawon filin ƙwallo. Wannan duk idan direban yana kallon gabansa ne. Idan ya sunkuya sakan biyu yana duba waya a gudun 80, a ƙara mita 44. Ƙarfin bugun ma ba ya ƙaruwa daidai da gudun, fin haka yake yi: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mutumin da mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da 65. Mai keke ba shi da ikon rage gudun kowa. Abin da ke hannunsa shi ne a hango shi tun daga nesa, a kuma gane inda ya dosa.

A nan ne ɗabi'ar da kowa ke ɗauka ita ce tsira take cutarwa. Sabon mai keke yakan maƙale a can ƙarshen titi, taya na gogar dakali, yana ganin ya ba motoci wuri. To gefen titi shi ne juji. Duk yashin da ruwan sama ya kwaso, da tsakuwar da ta zubo daga tifa, da fasassun kwalabe, da ƙusoshi, can suke taruwa. Yashi a kan kwalta kamar gero ne da ya zube a daɓen siminti: muddin kana tafiya kai tsaye ba komai, amma ka karya kan keke ko ka matsa birkin gaba a kansa, tayar gaba ta zame, kuma zamewar tayar gaba ba ta ba mutum zarafin gyarawa. A gefen ne kuma ramukan magudanar ruwa suke, waɗanda ɓarayin ƙarfe suka kwashe murafensu. Abin ya yi ƙamari har a farkon 2025 aka kama mutane, aka rufe kasuwannin fanteka, inda ake sayar da tsofaffin ƙarafa, na ɗan lokaci. Mota takan ƙetare irin wannan rami ko ta fasa taya. Tayar keke kuwa shigewa take gaba ɗaya, mahayin ya tashi ta saman kan keke ya sauka da fuska. Da damina, idan ruwa ya kwanta a gefen titi, ba a sanin abin da ke ƙarƙashi, don haka ba a ratsa shi.

Babban aibin maƙalewa shi ne tana gaya wa direban da ke baya cewa akwai wurin wucewa ba tare da ya sauya layi ba. Sai ya ratsa da cikakken gudu, tsakaninku bai fi kamu ɗaya ba. Idan a daidai lokacin rami ya bayyana a gabanka, ba ka da inda za ka kauce sai cikin motar. Wurin da ya dace shi ne kamar mita ɗaya daga dakali, inda tayar dama ta motoci ke bi ta share kwalta. A nan direba yana ganinka a matsayin abin da sai ya kewaye, kai kuma kana da mita guda a damanka na gujewa. Inda layin ya yi ƙunci har mota da keke ba za su jeru ba, kamar kan wasu gadoji ko inda aka toshe rabin titi don aiki, sai a waiwaya, a miƙa hannu, a shiga tsakiyar layin har a wuce wurin. Za a danna maka hon, wataƙila a haɗa da zagi. Wanda ya yi maka hon dai ya gan ka. A Jamus doka ta tilasta wa direba ya bar wa mai keke mita ɗaya da rabi idan zai wuce shi a cikin gari. A nan mai keke ne ke samar wa kansa wannan tazara ta wurin da ya zaɓa ya tsaya.

Sai masu tasi da masu motocin kansu da ke ɗibar fasinja a hanya. Idon irin wannan direba yana kan mutanen da ke tsaye a bakin titi, yana neman wanda zai ɗaga hannu. Da ya gani sai ya yanko daga layi na biyu ya tsaya a gabanka, babu sigina. A Berger, da Banex, da gaban kasuwar Wuse, da Area 1, wannan ne haɗarin yau da kullum. Alamar tana zuwa kafin motar: idan ka hangi mutane a tsaye suna kallon motocin da ke bayanka, ka san wani zai yanko. Rage gudu, ɗora yatsu a kan birki. Motar da ta riga ta tsaya kuma tana da ƙofofi a ɓangare biyu. Fasinjan baya yakan buɗe ta hagu ba tare da waiwaye ba, ƙofa kuma tana fitowa kusan mita ɗaya. Wanda ya bugi bakin ƙofa ba a gaba yake faɗuwa ba, kan keken ne ke juyawa ya jefa shi hagu, cikin layin da motoci ke gudu. Saboda haka a bar fiye da mita ɗaya tsakanin keke da duk motar da ke tsaye, kuma kada a bi tsakanin motar da ta tsaya da dakali, nan ne masu sauka suke fitowa.

Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi haɗari a tsarin Abuja shi ne bakin hanyoyin sauka da hawa na manyan tituna, irin waɗanda suka cika titin Nnamdi Azikiwe, da titin Kubwa, da titin filin jirgin sama. Ƙa'idojin hanya ba su yarda keke ya hau tsakiyar irin waɗannan tituna ba, kuma inda akwai layin gefe, kamar a titin Kubwa da na filin jirgi, shi ya kamata a bi. Amma ko a layin gefen ana haɗuwa da waɗannan bakuna. A ce mai keke yana tafiya a dama zai miƙe, ga hanyar sauka ta ɓalle zuwa dama. Bakinta ba kwana ba ce mai kaifi, a hankali take buɗewa, tsawon mita 60 ko fiye, an yi ta ne don mota ta fita ba tare da ta rage gudu ba. Keken da ke tafiyar kilomita 18 a awa yana cin mita 5 a sakan, wato zai yi sakan 12 yana tsakiyar wannan baki, babu dakali a dama, babu a hagu. Motar da ke gudun 90 tana cinye mita 300 a wannan lokacin. Ma'ana motar da za ta buge shi ba ta ma bayyana ba a sa'ad da ya waiwaya ya ga babu kowa. Shi ya sa masu irin wannan haɗari suke rantsuwa cewa sun duba, kuma gaskiya suke faɗa.

Dabarar ita ce a gajarta lokacin. Maimakon a ratsa dogon bakin a tsaye, sai a bi hanyar saukar kamar za a fita, a ci gaba a damanta har inda ta rabu sosai da babban titin ta koma layi ɗaya. A nan a tsaya, a sa ƙafa ƙasa, a juya keke ya fuskanci ƙetare, a jira sarari, a tsallaka kai tsaye. Faɗin mita biyar ko shida ne, sakan uku ya isa. Daga nan a koma kan hanya. A bakin hanyar hawa ma haka ne, sai dai a nan direban da ke shigowa ya juya wuyansa hagu yana neman sarari a cikin motoci, ƙafarsa na kan totur, ba ya kallon abin da ke gaban bambarsa. Wannan dabara tana cin minti ɗaya a kowane baki, kuma babu laifi a sauka a tura keken.

Shataletale yana da nasa tarkon. Wanda ya zagaya ta can gefen waje yana gitta bakin kowace mafita, kuma duk motar da za ta fita sai ta yanke gabansa. A ƙaramin shataletale na cikin unguwa, inda gudu bai wuce 25 ko 30 ba, gara a shiga tsakiyar layi a zagaya kamar mota, a miƙa hannun dama kafin mafitar da ake so. A manya masu layi biyu ko uku, musamman da safe da bayan la'asar, hukuncin da ya fi dacewa shi ne a sauka a tsallaka bakunan ɗaya bayan ɗaya da ƙafa. Danja kuwa, kore ba ya nufin an tsaya maka. A mahaɗun Abuja akwai masu ƙetare ja a sakan biyu na farko, akwai ayarin manya da jiniya da ba sa tsayawa ko kaɗan, ga kuma lokutan da danjar ta mutu kowa ya kutsa kai. A bar motar da ke kusa ta fara motsawa, a duba hagu, sannan a taka feda.

Manyan motoci ba su cika buge mai keke ba, amma idan suka yi ba a cika tashi ba. Tifofin da ke ɗauko tsakuwa daga Mpape, da tankokin ruwa, da tirelolin da ke bi ta Zuba da Dei-Dei, duk suna da halayya biyu da ya kamata a sani. Ta farko, direban yana zaune a hagu, a sama. Abin da ke dab da ƙofar dama, da abin da ke ƙasan hancin motar, da abin da ke bayanta kai tsaye, ba ya ganinsu ko da madubansa lafiya lau suke, balle da yawa sun fashe. Ta biyu, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba a kwana, ta ciki suke yankewa. Tirelar da za ta karya dama takan fara buɗewa hagu, sai wani fili ya bayyana tsakaninta da dakali. Mai keke ya ga hanya ya shiga. Kan motar ya juya, jikinta ya biyo, filin ya rufe, tayoyin baya su hau har kan dakalin. Gudun bai fi na mai tafiya da ƙafa ba, direban ma bai san ya taka kowa ba sai an yi masa ihu. Ƙa'idar ba ta da togiya: ba a shiga daman babbar mota kusa da mahaɗa, ko tana tsaye, ko babu sigina. Idan ita ce ta zo ta jera da kai a danja, ka ja baya har bayan tayoyinta na ƙarshe, ko ka ɗaga keken ka hau dakali.

Akwai masu cewa gara su fuskanci motoci, su ga abin da ke zuwa. Shawarar masu tafiya da ƙafa ce, ba ta dace da keke ba. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direban da ke fitowa daga layi ko daga gidan mai hagu yake duba, domin daga can motoci ke zuwa. Mai keken da ya biyo wan-we daga dama yake ɓullowa, inda babu mai dubawa. Sannan gudu haɗuwa yake: mota 50, keke 20, karon na 70 ne, alhali da hannu ɗaya suke bi tazarar gudun 30 ce kawai, direban kuma yana da fiye da ninki biyu na lokacin ganinsa. Gaskiya ne a Abuja wurin juyawa yakan yi nisa, wani lokaci kilomita guda, shi ya sa mutane ke yin haka. Idan nisan gajere ne, a tura keken ta gefen masu ƙafa.

Batun haske ma yana da lissafinsa. Rana tana faɗuwa a Abuja tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, kuma almuru gajere ne, cikin minti 25 duhu ya shiga, daidai lokacin da ma'aikata ke tururuwar komawa gida, masu azumi kuma na sauri su riski buɗa baki. Fitilar mota ta ƙasa tana haska kamar mita 50. Mun ga cewa mai gudun 80 yana buƙatar mita 70 kafin ya tsaya. Wato idan sai fitilarsa ta kai gare ka zai gan ka, lokaci ya riga ya ƙure. Jar fitila a baya, irin wadda ake caji da wayar USB, ana hango ta daga ɗaruruwan mitoci. A ɗaura ta a ƙarƙashin sirdi ko a ƙarshen kariyar ɗaura kaya, inda kaya ko gefen riga ba zai rufe ta ba, a kuma tabbatar tana kallon baya sosai, ba ƙasa ba. Farar fitila a gaba aikinta biyu, ganin rami da kuma sanar da mai fitowa daga layi. Riga mai ƙyalli tana taimakawa, amma ƙyallin da ke idon sawu ko jikin feda ya fi jan ido, saboda yana hawa da sauka, direba nan take ya gane keke ne. Masu shigowa daga Lugbe da Kubwa suna da ƙarin matsala: da safe sun fuskanci gabas, da yamma sun fuskanci yamma, rana tana idon direbobin da ke bayansu sau biyu a yini, ta cikin gilashin da ƙurar hunturu ta dusashe. Idan inuwarka ta miƙe dogo a bayanka, ka ɗauka na baya ba ya ganinka. A lokacin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu, a kunna jar fitilar ko da rana.

Sai keken kansa, wanda shi ne kashin da babu wanda za a ɗora wa laifi. Kekuna da yawa a garin nan da birkin baya kaɗai suke yawo, wasu ma da gangan aka kwance na gaba don tsoron kada ya kifar da mutum. Amma idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sako-sako, ta fara ja a ƙasa. Birkin baya shi kaɗai bai fi rabin ƙarfin da birki biyu ke bayarwa ba. A gudun kilomita 20, birki biyu masu kyau suna tsai da keke cikin mita uku ko huɗu bayan an matsa, na baya kaɗai shida ko bakwai. A gangara, irin ta Mpape ko ta Asokoro, inda keke ke kai 35 ba tare da an taka feda ba, lissafin ya zama mita 10 da mita 20. Maganin kifewa shi ne a koyi matsawa: a miƙe hannuwa, a ja mazaunai baya da sirdi, a matsa na gaba a hankali sannan a ƙara ƙarfi, ba fizga lokaci ɗaya ba. A gwada a fili babu mota har hannu ya saba. A kuma san wane hannu ne na gaba, domin kekunan gwanjo sun sha bamban: waɗanda suka fito daga Ingila da Japan birkin gaba yana dama, na Amurka da yawancin Turai yana hagu. Wanda ya ari keke bai duba wannan ba yana iya matsa na gaba da ƙarfin da ya saba yi wa na baya.

Duba birki ba ya cin minti biyu. A matsa hannun birkin iya ƙarfi: idan ya taɓa kan keke, waya ta saki, a ja ta. Ya kamata yatsa biyu su shiga tsakani. A dubi robar: idan tsagin da ke jikinta ya shafe, ta ƙare. Ta zauna daidai kan rim, kada ta hau ta goge gefen taya, domin za ta yanke ta. A dubi wayar a inda noti ya danne ta, nan take fara tsinkewa zare-zare, kuma ranar da aka fi matsa ta da ƙarfi ita ce ranar da take yankewa. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix, masu birkin sanda da rim na ƙarfe mai sheƙi, suna da wani aibi da damina: idan rim ya jiƙe, robar sai ta zagaya sau da dama tana share ruwa kafin ta kama, nisan tsayawa ya ninka sau uku ko fiye. A ruwa a riƙa ɗan taɓa birkin lokaci zuwa lokaci don ya bushe, a fara tsayawa tun da nisa. Ruwan farko na Afrilu ya fi santsi, saboda yana tayar da man da ya taru a kwalta tsawon rani, fentin layi da murfin ƙarfe kuma sun fi kwaltar santsi.

Iskar taya an rubuta adadinta a gefen tayar, a bi shi. Tayar da ba ta cika ba, idan ta bugi bakin rami, rim ne ke tsinke tif ya bar huji biyu a jere, iska ta fita lokaci ɗaya, idan ta gaba ce kuma faɗuwa ta zo. A riƙe birkin gaba a girgiza keken gaba da baya: idan ana jin ƙwas-ƙwas a wuya, boris ya saki. Wilin da ake ɗaure shi da ɗan hannu maimakon noti, ninke hannun ake yi har ya bar shaida a tafin hannu, ba murɗawa kawai ba. Leda da aka rataya a kan keke tana lilo ta shiga wayoyin wilin gaba ta tsai da shi cak. Kaya a kan kariya suke zama, a ɗaure da roba ta yadda babu bakin da ke reto. Babbar riga da jallabiya a tattare su, ƙafar wando ta dama a naɗe ta, sarƙa ba ta barin abin da ta kama. Hular kwano kuma ta zauna yatsa biyu sama da gira, a ɗaure igiyar. An gwada ta ne a kan bugu na kamar kilomita 20 a awa, wato tana kare kai daga kwalta da dakali, ba daga tifa ba, kuma wadda ta taɓa shan bugu ta gama aiki ko da ba a ga tsagewa ba.

Duk wannan ba ya wanke hukuma. Fentin layin keke a gefen titin da ake gudun 80 ba kariya ba ne, wurin ajiye mota da ɗaukar fasinja zai zama cikin mako guda. Abin da ke aiki shi ne dakali na siminti da ya raba keke da mota, da matse bakin hanyoyin sauka ta yadda dole a rage gudu, da murafen magudana da ba a iya sayarwa a fanteka, da fitilun titi masu ci. Abuja tana da filin yin haka. Jerin gwanon kekuna da jami'ai ke yi kowace 3 ga Yuni, Ranar Keke ta Duniya, da 'yan sanda gaba da baya, ba ya sauya komai ga wanda zai bi titin shi kaɗai washegari.

Idan abin ya auku, kuskuren da aka fi yi na masu taimako ne. Ana cicciɓar mutum hannu da ƙafa, kai na lilo, a cusa shi a bayan mota a zaune. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ko bai farfaɗo ba, wani ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a tare motoci, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a 122 ko lambar gaggawa 112. Idan dole a ɗauke shi, a kan katako ko wani abu mai ƙarfi, mutum uku ko huɗu tare. Ba a ba shi ruwa, ba a ɗura masa madara, domin zai iya shaƙewa, kuma yana iya buƙatar tiyata. Jini a danne shi da tsumma mai tsabta minti goma ba ɗagawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa.

Wanda ya miƙe ya kakkaɓe riga ma bai tsira ba tukuna. Idan kai ya bugu, a sa masa ido kwana biyu: amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, rikicewar magana, ko ruwa daga hanci ko kunne, duk na komawa asibiti ne nan take. Idan ƙarshen kan keke ya soki ciki, saifa ko hanta na iya zubar da jini a ɓoye na sa'o'i, alamarsa jiri da ciwon ciki, wani lokaci har da ciwon kafaɗar hagu. Ciwon wuyan hannu a gindin babban yatsa bayan an dafa ƙasa yakan zama karayar wani ƙaramin ƙashi da ba ya haɗewa da sauƙi, a yi hoto kafin a nufi wurin mai ɗori. Ƙujewar kwalta a wanke ta da ruwa mai yawa da sabulu har tsakuwa ta fita, a tambayi allurar tetanus.

A ɗauki hoton lambar motar da yadda take tsaye kafin a matsar da ita, a karɓi lambar wayar mutum biyu da suka gani. Inshorar dole da ke kan kowace mota, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 ga ƙananan motocin gida daga Janairun 2023, an yi ta ne don wanda aka buge, tana biyan rauni, tana biyan dukiya har naira miliyan uku, idan takardar ta gaskiya ce. Don haka kada a yi saurin karɓar 'yan dubbai a bakin titi a ce an yafe kafin likita ya duba. Keken ma kada a hau shi a koma gida. A tsaya a gefensa a dubi fok, ƙarafa biyun da ke riƙe da tayar gaba: idan sun lanƙwasa baya, ko fenti ya tsattsage a bayan wuyan keken, ƙarfen ya ji rauni kuma zai iya karyewa a rami na gaba. Na ƙarfe mai gyara yana iya miƙar da shi idan lanƙwasar kaɗan ce. Na alminiyam ba a miƙar da shi, sauyawa ake yi.